Dunƙule Bakwai a Bayan Bututun Hayaƙi

Duk wanda ya ce maka 'yan sanda ne suka fara gano abin da ya kashe Toufik, ka ce masa ya koma ya sake tambaya. Baba Jibrilu ne ya fara gani. Ya gani mako bakwai kafin abin ya faru, ya faɗa da bakinsa, aka dube shi sama da ƙasa aka ce tsufa ce ke damunsa. Mutumin da ya yi shekara arba'in da ɗaya a ɗakin injin jiragen ruwa tun daga Takoradi, wanda wuta ta ci jirgi yana ciki ya fito da ƙafarsa, ruwa ya haɗiye jirgi yana ciki ya fito da ƙafarsa, wai shi ne bai san inji ba, don kawai bai iya riƙe biro ba.

To, ga yadda aka yi.

Ranar Talata ce cikin watan Fabrairu, wajen sha biyun rana, aka kira Sufeto Celestina Dalyop ta 'yan sandan Manchester. 'Yar Jos ce, ta zo ƙasar nan tana budurwa, amma Hausa ba ta bar bakinta ba. Ita da mataimakiyarta Saje Zoe suka nufi bakin babban canal ɗin da jiragen ruwa ke bi su shigo gari. Can suka tarar da wani jirgi mai suna Hilda Grey a ɗaure. Aikinsa kwashe laka daga gindin ruwa don manyan jirage su sami hanya.

Gawar tana can ƙasa, a ɗakin famfo, gindin wani tsanin ƙarfe mai tsawon bene uku. Toufik ke nan, ma'aikacin inji, ɗan Gana mazaunin Gorton, mai shekara talatin da takwas.

Babban injiniyan jirgin, wani Bature mai furfura da ake kira Jabez, shi ya tarbe su.

"Me ya faru?" in ji Sufeto.

"Wuta ce ta ɗauke. Babban janareta ya mutu. Yakan faru."

"Da rana tsaka mutum zai faɗo don wuta ta ɗauke?"

"Cikin jirgi babu rana. In fitila ta mutu a can ƙasa, ko tafin hannunki ba za ki gani ba. Shi ya sa kowane jirgi yake da ƙaramin janareta na ko-ta-kwana, a ɗakinsa daban a can sama. Da wuta ta ɗauke shi zai tashi da kansa. Doka ta ba shi daƙiƙa arba'in da biyar."

"Ya tashi?"

"Zo ki gani."

Ya kai su wani ɗan ɗaki mai sanyi kamar firji. Ga janareta nan fes, an goge shi. A gefensa akwai akwatin ƙarfe. Jabez ya buɗe, babu komai ciki sai wayoyi a sake.

"Batir biyu ne ke tayar da shi," in ji shi. "Sababbi fil, watan Nuwamba aka sa su. Jiya Litinin na gwada shi da hannuna, ya tashi. Kowace Litinin nake gwadawa. Ga littafi."

Sufeto ta duba. Kowace Litinin da sa hannunsa, babu wadda ta kuɓuce.

"Wa ke da mabuɗin akwatin?"

"Ni da Toufik." Ya sunkuyar da kai. "Ba na son in yi wa mamaci ƙazafi. Amma da ni ne ku, da na duba motarsa."

Saje Zoe ta ɗauko mabuɗin motar daga lokar Toufik a ɗakin canja kaya. Aka buɗe but ɗin bayan motar. Ga batir biyu zaune.

Sufeto ta sa aka ɗauki hoto, aka kwashe baturan, aka garƙame ɗakin janareta. Suna fita daga harabar, wani dogon tsoho mai rigar gadi ya sha gaban motarsu. Wani kurtu ya riƙe masa hannu, tsohon ya fizge.

"Sake ni, ɗan banza," in ji shi da Hausa. "Na girmi uban ubanka a aikin ruwa."

Sufeto ta sauke gilashi. "Baba, yi haƙuri. Ina sauri yanzu, zan dawo."

Tsohon ya dube ta, ko mamakin jin Hausa bai yi ba. "Kowa haka yake ce mini. Ku tafi. Ai masu takarda kuke saurara."

Kafin la'asar magana ta zaga Gorton da Moss Side: wai Toufik ɓarawo ne, wai satarsa ce ta kashe shi.

Washegari Sufeto ta je gidan mamacin, ɗaya daga cikin jerin gidajen jan bulo da ke bayan kasuwar Gorton. Falo cike da mata masu zaman makoki. Matarsa Alima ta ja ta zuwa kicin ta rufe ƙofa. Idonta a bushe yake ƙamas.

"Kin zo ba ni gawarsa?"

"Tana hannun coroner tukuna, mai binciken musabbabin mutuwa. Sai an gama bincike."

"Musulmi ya kwana a firji, gobe ma ya kwana. Wannan na haƙura. Amma ɗazu 'yarsa ta dawo daga school tana kuka, wani yaro ya ce mata babanta thief ne. Da wane baki zan gaya mata ƙarya ne, alhali 'yan sanda sun ce a motarsa aka gani?"

"A motarsa aka gani. Abin da na sani ke nan, ban ce shi ya sa ba." Sufeto ta miƙa mata wayarta. "Duba hoton nan. Akwai abin da ba nasa ba?"

Alima ta karɓa. Ta daɗe tana kallo. Sai ta nuna gefen hoton da yatsa.

"Wa ya ɗora wannan ƙazantar a kan daddumarsa?"

Sufeto ta matso. A ƙarƙashin baturan, gefen wani kore kyalle ya leƙo, ruwan batir ya cinye shi ya yi baƙi.

"Daddumar sallarsa ce," in ji Alima. "Ta mahaifinsa ce, daga Makka ya zo da ita. Madam, ke ba Musulma ba ce, amma kin ce a Jos kika tashi. Kin taɓa ganin wanda ya ɗora takalmi a kan abin sallarsa, balle batir? Toufik ko buhun shinkafa muka sayo, sai ya ɗauke dadduma ya kai ta kujerar gaba kafin ya sa buhun. Mun sha faɗa a kan wannan cikin ruwan sama, ina tsaye da kaya a hannu yana lallaɓa dadduma."

Sufeto ta tuna maƙwabtansu na Jos, yadda tsohuwar gidan takan kwaɗa wa yaro mari in ya taka buzun mijinta. Jiya ta kalli but ɗin nan da idonta, ba ta lura ba. Abin ya ba ta haushin kanta.

"Wanda ya sa baturan nan," in ji Alima, "tsumma ya ɗauke ta."

Da yamma sakamakon gwaji ya fito. Baturan da aka samu a motar matattu ne murus, sun fi shekara takwas. Sufeto ta kira Jabez a waya ta gaya masa.

Bai ko yi jinkiri ba. "To, ai magana ta fito. Bayan na yi gwaji ranar Litinin ya kwashe sababbin ya kai inda zai kai, ya kawo tsofaffi zai saka a madadinsu, ajali ya riga shi. In kina shakkar littafina, akwai takardar shaida ta kamfanin Birmingham da ke duba mana. Ma'aikacinsu ya zo watan Janairu, ya ga komai lafiya."

Magana ta zauna daram, ba ta da ƙofa. Littafi ya ce an gwada, takarda ta ce an duba. Dadduma kuwa ba ta isa shaida a gaban alƙali ba.

Sai a lokacin Sufeto ta tuna da tsohon bakin get.

Ranar Alhamis da safe ta same shi a ɗan ɗakin gadinsa, ya naɗe wando yana shafa wa gwiwarsa man kaɗanya daga wani gwangwani.

"Ina kwana, Baba."

"Kwana biyu," in ji shi, bai ɗago ba. "Kwana biyu yaron nan yana kwance da sunan ɓarawo, ke kina can kina karanta takarda. Zauna. Sunana Jibrilu. In za ki rubuta, ki rubuta da kyau, don ba zan iya dubawa ba."

Ta zauna a kan wani bokiti da aka kifa.

"Ina kake lokacin da wuta ta ɗauke?"

"Nan. Da wannan a hannuna." Ya nuna oba-oban da ke kan tebur. "Na ji Toufik. Ya ce, 'Baba, duhu.' Na ce masa tsaya inda kake, riƙe tsani, ƙirga arba'in da biyar. Ni na koya masa haka tun yana sabon zuwa. Ya ƙirga ina ji. Ya kai, babu wuta. Ya sake daga ɗaya. Sau uku ya ƙirga. A na ukun ya ce hannunsa ya gaji, ƙarfen da sanyi, zai lallaɓa ya hau. Daga nan sai ƙara na ji."

Ya rufe gwangwanin da ƙarfi.

"Na san ba za ta zo ba. Ina gaya masa ya ƙirga, na san ba za ta zo ba. To me zan ce masa? Ya saki tsani?"

"Yaya aka yi ka sani?"

"Yanzu kika yi tambaya." Ya miƙe. "Shekara talatin da shida ke nan, a tekun da ke gaban Dakar, wuta ta kama ɗakin injinmu. Janaretan ko-ta-kwana ya ƙi tashi. Littafi kuwa ya ce kowane mako ana gwada shi. Mu goma sha huɗu ne a ƙasa. Uku muka fito, ni na jawo biyun da hannun nan. Tun ranar na rantse ba zan sake yarda da abin da wani ya rubuta ba. Ina mabuɗin da kika kulle ɗakin janaretan da shi?"

Suka hau jirgin, Saje Zoe na biye. Sufeto ta cire hatimin da ta sa ranar Talata. Baba Jibrilu bai kalli janareta ba, bai kalli akwatin batir ba. Ya zagaya bayan inji, inda bututun hayaƙi ya bi jikin bango kafin ya fita waje.

"Haska nan."

Saje Zoe ta haska tocila. A bayan bututun, inda ido ba ya kaiwa sai an leƙa, ga wasu 'yan dunƙule jere kamar ƙwan tsuntsu. Sufeto ta ƙirga. Bakwai.

"Man kaɗanya ne," in ji Baba. "Ban da gadi, ni nake share jirgin. Kowace Litinin da sassafe, in na zo shara, nakan manna ɗaya. In an tayar da inji, minti biyar bututun nan zai yi zafin da ba ka iya taɓa shi, man ya narke ya zube. Dubi ƙasa."

Ƙasan bututun duk zane-zane ne na tsohon mai da ya narke ya ƙone, wani kan wani.

"Shekara tara ke nan ina yi a jirgin nan. Bai taɓa kwana bai narke ba, sai ƙarshen Disamba. Na dawo na tarar da shi zaune. Na ce bari in ga gudun ruwansu, na bar shi na ƙara wani a gefensa. Mako ya zagayo, na ƙara wani. Dubi na farkon, ƙura ta mai da shi baƙi. Dubi na ƙarshen, fari tas. Wannan shi ne na Litinin ɗin da mutuminku Jabez ya ce ya gwada da hannunsa."

Sufeto ta juya ta fassara wa Saje Zoe. Saje ta buɗe baki ta kasa rufewa.

"Ka gaya wa wani?"

"Na gaya wa Jabez tun mako na biyu. Na ce injin nan ba a tayar da shi. Ya ce in tsaya a kan tsintsiyata. Ya ce yaushe na zama injiniya, ni da ko sunana ban iya rubutawa ba. Ya tambaye ni ta yaya na sani, na ce ba na gaya wa mai zagina sirrina. Da na gaya masa, da yau ba ki ga komai a nan ba." Ya tofar da yawu ta ƙofa. "Sai na kira ofis. Suka ce in cika form in jefa a akwatin ƙorafi. Toufik ne ya cika mini, na dangwala yatsa da baƙin mai. Kin san wa ke buɗe akwatin ƙorafi a jirgin nan?"

"Jabez."

"Ashe kina da kai."

Sufeto ba ta tsaya a kan maganarsa kawai ba. Bayan an ɗauki hoton dunƙulen an kwashe su cikin leda, ta sa aka kawo batir na aro aka haɗa. Ta karɓi gwangwanin Baba, ta manna nata dunƙulen da hannunta. Aka tayar da inji. Saje Zoe na riƙe da agogo. Minti huɗu da 'yan daƙiƙu, man ya zube kamar hawaye.

"Saura takardar Birmingham," in ji Sufeto. "Sun ce ma'aikacinsu ya zo watan Janairu."

Baba ya yi wata dariya marar daɗi. "Rahman? Ɗan Kumasi ne, na san ubansa. Duk zuwan da zai yi sai ya kawo mini goro, don na Birmingham ya fi na nan. Tun Nuwamba ban ci goronsa ba. In kin je ki ce ina tambaya."

Ranar Juma'a suka kama hanyar Birmingham. Kamfanin wani ƙaramin wuri ne a bayan layin dogo, cike da batura da injinan jiragen ruwa a kan katako. Rahman matashi ne mai ƙaramin gemu, sanye da rigar aiki shuɗiya. Da ya ji sunan jirgin sai ya soma goge hannunsa da tsumma, alhali hannun ba datti.

"Kai ka sa sababbin batura a Hilda Grey?"

"Ni ne, a November."

"Ka koma dubawa?"

"Sha huɗu ga January. Ga certificate."

"Ƙarfe nawa ka isa?"

"Wajen goma."

"Wa ya buɗe maka get?"

"Ban... ban riƙe ba."

Sufeto ta ajiye biro, ta koma Hausa. "Baba Jibrilu ya ce in tambaye ka goronsa na watan Janairu."

Tsumman ya faɗi daga hannun Rahman. Ya nemi kujera ya zauna.

"Yaya, wallahi ban san abin zai kai haka ba."

"Kada ka kira ni yaya. Ka je ko ba ka je ba?"

"Ban je ba. Ranar snow ya toshe motorway. Na kira Jabez in ce zan zo wani satin, ya ce kada in wahalar da kaina, shekaranjiya ya gwada, komai lafiya, in sa hannu in turo. Shekara shida ina aiki da shi. Injiniya ne babba."

"Ka sa hannu a kan abin da idonka bai gani ba. Mutumin da kuke salla sahu ɗaya in ka je Manchester ya tsaya a kan tsani cikin duhu yana jiran takardarka ta kawo masa wuta. Yanzu 'yarsa ba ta iya zuwa makaranta. Wannan kuma za mu dawo kansa, ba ka tsira ba. Baturan da ka sa suna da lamba?"

"Kowanne da tasa. Ina da su." Ya jawo fayil, ya kwafe mata. Sai ya tsaya. "Akwai wani abu. Kafin Christmas Jabez ya kira ni, ya ce baturan jirginsa sun mutu, wane iri ne zai dace. Bayan kwana biyu ya ce in bar shi, ya samu."

"Wane jirgin nasa?"

"Irin siraran nan da mutane ke zama a ciki a kan canal. Nan Birmingham yake ɗaure shi. Tun da suka rabu da matarsa can yake weekend."

Ranar Asabar da hantsi, Sufeto da Saje Zoe da 'yan sandan Birmingham biyu suka bi gefen ruwa da takardar izinin bincike. Jirgin Jabez kore ne, dogo siriri, da tukwanen furanni a kan rufi. Rediyo na tashi a ciki. Suka same shi da singileti yana soya ƙwai, ɗakin ɗumi kamar ba hunturu ba.

"Sufeto. Har nan?"

"Ina baturan jirgin nan suke?"

"Me ya haɗa jirgina da maganar?"

Saje Zoe ba ta jira ba. Ta fita baya ta ɗaga katakon da ke rufe inji. Ga batura biyu manya, sababbi. Ta karanto lambobin, Sufeto na bi da yatsa a takardar Rahman. Babu harafin da ya saɓa.

"A hannun Toufik na saya," in ji Jabez da sauri. "Ban san na jirgin ba ne."

"Yaushe?"

"Ranar Litinin da yamma."

"Litinin da ta wuce ka saye su, amma kan wayoyin har ya yi tsatsa?" Sufeto ta fito da hoto ta ajiye kusa da kaskon ƙwan. "Ka san mene ne wannan?"

Ya duba. "Kitse ne ko me?"

"Littafin mai gadi ne. Dunƙule ɗaya kowace Litinin, a bayan bututun hayaƙi. In inji ya tashi sai ya narke. Bakwai ne ba su narke ba. Kai kuma sau bakwai ka sa hannu ka ce ya tashi. Na gwada da kaina, minti huɗu yake ɗauka."

Jabez ya kashe murhu.

Sai Saje Zoe ta shigo riƙe da wani abu da safar hannu. Takarda ce da aka ninke sau da yawa aka cusa tsakanin baturan biyu don kada su riƙa gogar juna. Sufeto ta warware ta a hankali. Form ɗin ƙorafi ne, da rubutun Toufik. A ƙasa ga dangwalen babban yatsa da baƙin mai.

Sufeto Celestina ta yi shekara ashirin tana aikin nan, ba ta cika ɗaga murya ba. Yanzu ma ba ta ɗaga ba, amma Saje Zoe ta ce ba ta taɓa jin muryarta haka ba.

"An kawo maka gargaɗi a rubuce, yadda kuke so. Ka yi waigi da shi."

Jabez ya zauna a bakin gado, ya rufe fuska.

"Aro na yi," in ji shi. "Sanyi ya yi yawa, baturana suka mutu, babu hita, babu fitila. Na ce mako ɗaya in mayar. Na sa tsofaffin nawa a akwatin don kada a ga wurin wayam. Shekara goma sha tara ina jirgin nan, ba a taɓa buƙatar janaretan nan ba ko sau ɗaya. Ko sau ɗaya."

"Sai ranar Talata."

"Sai ranar Talata."

"Motar fa?"

"Kowa ya ruga ƙasa wajensa. Na san za a buɗe akwatin a ga tsofaffin batura, a tambaye ni. Lokarsa a buɗe take. Na ce shi ya riga ya mutu, babu abin da zai ƙara samunsa."

"Yana da mata. Yana da 'ya. Kuma abin da ka ɗora baturan a kai, wanda ka ɗauka tsumma ne, a kansa yake sa goshinsa sau biyar a rana. Tashi."

Aka karanta masa haƙƙinsa, aka sa masa ankwa. Suka fito da shi ta gefen ruwa, maƙwabtansa na sauran jiragen suna leƙe ta taga. Ƙwan yana nan cikin kasko.

Ranar Talata, mako guda cif, aka ba da gawar Toufik. Bayan an dawo daga maƙabarta Sufeto ta zo gidan da kanta, ta tsaya a tsakiyar falo gaban maza da mata, ta faɗa da Hausa, ta sake faɗa da Turanci don yara su ji: Toufik bai saci komai ba, shi ne ma ya rubuta gargaɗin da aka ƙi ji. Sai a lokacin Alima ta yi kuka. Daddumar kuwa ta ce in kotu ta gama da ita a dawo mata da abarta, ko da rabi ne ya rage.

Da Sufeto za ta fita ta durƙusa ta gai da Baba Jibrilu, ta ce da ba don shi ba da an rufe fayil da sunan mamaci.

"Na sani," in ji Baba. "Da kin tsaya waccan Talatar, da kwana biyu ba su tafi a banza ba. Gaba in tsoho ya tare miki mota, ki kashe inji."

Yanzu an kawo sabon injiniya a Hilda Grey, mai digiri biyu, an sa sabuwar na'ura mai aika saƙo har ofis in an gwada janareta. Madalla. Baba Jibrilu dai bai fasa ba, kowace Litinin da sassafe yana nan da gwangwaninsa.

Wanda kuma yake ganin labarin nan cika baki ne na tsohon da bai je makaranta ba, hanya a buɗe take. Ya zo bakin canal ranar Litinin ƙarfe goma, ya tambayi mai gadi. Za a kai shi ɗakin, a tayar da inji, a ba shi minti biyar. Sai ya ɗora tafin hannunsa a kan bututun nan, ya riƙe, Baba Jibrilu zai ƙirga masa arba'in da biyar. In ya kai goma, ya zo ya ƙaryata.